Filin araha a bakin Agadas

Wasiƙar wannan makon daga wani ƙauye ta zo a ƙasar Gumel. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum, Baba. Ni mai walda ne, shekarata 36, ina da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu. Shekara huɗu ke nan ina zuwa cin rani Agadas, ina haɗa ƙofofi da tagogi da tankunan ruwa na masu shiga dajin zinariya. Aiki ya karɓe ni, har ta kai ko da damina ba na samun dawowa noma. Yanzu ina so in kwashe iyalina mu koma can gaba ɗaya. Wani dillali ya nuna mini fili a bakin gari, babba, kuɗinsa bai kai rabin na cikin gari ba, ya ce nan da shekara biyu gari zai cim masa. In na sayar da gonata ta gado zan iya saye, in ɗora ɗaki biyu. Ko kuma in kama haya kusa da kasuwa, sai dai ina ganin kuɗin haya asara ce. Mahaifiyata ba ta so. Mai ɗakina kuwa ta yi shiru, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Wace unguwa ta fi dacewa da mai iyali, kuma me kake gani?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya ƙara wa sana'a albarka, ya kuma saka maka da alheri da ka tuna cewa iyali ba a barin su shekara da shekaru sai dai aike. Ban ga laifin tafiyar ba. Tsakaninmu da Abzin, ƙasar da Agadas take ciki, hanya ce tsohuwa, tun zamanin da ayarin raƙuma ke sauko da gishirin Bilma su koma da gero da baƙin yadi. A cikin birnin Kano har yau akwai unguwa mai suna Agadasawa, a can kuma da Hausa ake ciniki a kasuwa. Ba baƙuwar ƙasa za ka kai su ba. Amma abu biyu nake roƙonka tun daga farko: kada ka sayar da gonar nan, kuma kada ka sayi filin nan bana.

Ka ce ka shekara huɗu a garin. Na yarda, sai dai zaman da ka yi zaman namiji ne shi kaɗai. Daga shago sai masallaci, daga masallaci sai wurin mai shayi, dare ya yi ka shimfiɗa tabarma inda abokan aiki suka shimfiɗa. Jarka ɗaya ta ishe ka wanka da alwala. Wanda zai zauna a unguwar da za ka zaɓa ba kai ba ne, kai da sassafe za ka fice sai bayan isha'i. Mai ɗakinka ce za ta wuni a cikinta da yara huɗu, ba uwa, ba 'yar'uwa, ba ƙawar da suka tashi tare. Shirun nan da ta yi magana ce. Macen ƙauye mai kunya ba za ta ce wa mijinta ba za ta bi shi ba, amma tana can tana lissafin abin da kai ba ka lissafa ba: ina za ta ɗebo ruwa, wa za ta kira in naƙuda ta tashi ko yaro ya shiɗe cikin dare, wa zai ba ta aron turmi. Don haka duk gidan da za ka duba, da idonta za ka dube shi.

Fara da ruwa, domin a garin hamada shi ne sarkin unguwa. Abin da yake sauka a Agadas na ruwan sama a shekara bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da kuke samu a ƙasar Gumel ba, shi ma kusan duka a Yuli da Agusta yake zuwa. Ruwan da garin ke sha daga ƙarƙashin ƙasa ake jawo shi a tura cikin bututu, gari kuma ya fi bututun saurin tafiya. Ƙidayar 2012 ta sami mutum dubu ɗari da 'yan kai a Agadas, wannan kuwa kafin a ga zinariya a Jado da Cibarakaten a 2014, mutane su kwararo daga ko'ina. Unguwannin bakin gari da suka tsiro bayan nan, da yawansu gini ya riga famfo zuwa. Inda famfon ya je ma, in zafi ya tsananta a watan Afrilu da Mayu, wanda yake ƙarshen layi shi ne na ƙarshen samu, wani lokaci sai tsakar dare yake ɗiga.

Ga abin da za ka yi, ba ya buƙatar ko sisi. Ka ce wa mai ɗakinka ta ƙirga jarka nawa take kashewa a rana, mako guda cur, har da ranar wanki. Sannan ka je wurin filin, ka tsayar da ɗan garuwa mai tura kura, ka tambaye shi nawa yake kai jarka nan a watan Mayu. Shi za ka tambaya, ban da dillali. Ka ninka kuɗin da yawan jarkokin da take kashewa a rana, sannan ka ninka sau talatin. Ina kyautata zaton kuɗin da zai fito zai ba ka tsoro, wataƙila ya kusa kamo kuɗin hayar da kake gudu. Ka ɗora kuɗin kabu-kabu na zuwa shago da dawowa, da na kai yara makaranta. Ka tuna kuma shi kansa ginin ruwa yake ci, ko bulo ɗaya ba a bugawa da yawu. A ƙauyenku rijiya da tuƙa-tuƙa kyauta ne, kara da itace ana tsinta a bayan gida, kuka da zogale suna bakin danga, hatsi yana rumbu. A can duk waɗannan saye ne, geron ma daga kudu ake hauro da shi, daga Damargu da Damagaram da kasuwanninmu na nan.

Sai ɗaya fuskar ruwan, wadda baƙo bai cika tunawa da ita ba, ita ce ma ta fi tayar mini da hankali game da filin nan naka. Agadas tana gindin duwatsun Abzin. In aka yi ruwa a kan duwatsun, ba ƙasar da za ta shanye shi, sai ya taru ya gangaro ta ƙoramu da ƙarfin gaske. Mutum yana zaune cikin rana tsaka, ko gajimare babu a kansa, sai ya ji ruri. Babbar ƙoramar ita ce Telwa, da ke wucewa ta gefen garin. A farkon Satumban 2009 ruwa ya fasa madatsar da ke tare ta, ya shiga gari cikin dare, ya rushe dubban gidaje. A daminar 2024 ma ruwa ya yi ɓarna har cikin tsohon gari. Ƙorama tana iya yin shekara goma a bushe, yara na wasa a cikinta, har mutane su manta ta taɓa gudana, su yanka ta filaye.

Na san wani abokin fataucina da ya sayi irin wannan wuri. Fili ne shimfiɗaɗɗe, yashi mai laushi fari tas, ga 'yan itatuwa kore a gefe alhali ko'ina ya bushe. Wannan kyan da ya ruɗe shi, shi ne alamar hanyar ruwa. Ya gina, ya tare, damina biyu lafiya lau. A ta uku da kayan jikinsu kaɗai suka fita, shi da matarsa da 'ya'yansa, Allah ya sa ba a rasa rai ba. Har ya rasu bai sake mallakar gida ba, kuma duk sanda na tuna yadda ya zauna yana ba ni labarin, raina yana ɓaci. Araha ba ta ado, ƙanena. In fili ya faɗi ƙasa da rabin kuɗin na maƙwabtansa, akwai dalili, kuma 'yan gari sun san shi.

Saboda haka ka je wurin cikin watan Agusta, washegarin ruwa. Ka duba inda ya kwanta da inda ya bi. Ka dubi gindin katangun da ke kusa, in ka ga zane a jikinsu kamar an ja layi, ko an yi sabon yaɓe daga ƙasa zuwa gwiwa, ruwa ya taɓa kaiwa nan. Ka nemi tsoho ɗan asalin garin, ko Buzun da ya daɗe yana kiwo a wajen, ka gaishe shi da kyau, ka sha shayinsa har kofi na uku, sannan ka tambaye shi ina ruwa ya bi a shekarar babbar ambaliya. Zai nuna maka da sanda.

Ka tambaye ni wace unguwa. Akwai tsohon gari mai unguwanni 11, irin su Katanga da Amdit da Obitara, kewaye da fadar Sarkin Abzin da babban masallacin nan mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27. Gidajen can ginin ƙasa ne mai kauri, da rana sanyi, da hunturu ɗumi, ga mutane masu sanin juna tun kaka da kakanni. Sai dai yawancinsu gidajen gado ne, lunguna matsattsu, kuma tun da aka sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2013 ba a taɓa gini yadda aka ga dama. Baƙo mai yara huɗu da wuya ya sami sarari a nan. A ɗaya gefen akwai sababbin unguwannin baki-baki, inda filinka yake. Ni abin da nake gani ya fi maka shi ne tsakiya: unguwannin da suka yi shekara goma sha biyar ko ashirin da kafuwa, waɗanda wuta da famfo suka riga suka zauna a cikinsu. Za ka ji ana ambaton Sabon Gari da Dagamanat da Tudu da sauransu, amma suna kaɗai ba ya yanke hukunci, don a unguwa ɗaya za ka ga layin nan da ruwa, na bayansa babu. Ga wata alama da ba ta ƙarya: dubi darbejiyar ƙofar gida. In ta girme katanga ta yi inuwa, to mutanen layin sun daɗe suna da ruwan da har ya isa su ba itace.

Ka shiga ɗakin da ƙarfe biyu na rana kafin ka biya ko dala. Ɗakin bulo mai rufin kwano ba silin, a watan Mayu da zafi ke haura digiri 40, tanda ne, jariri ba zai iya barci a cikinsa ba. Ka fifita mai rufin ƙasa ko mai rufi mai tsayi, da tsakar gida mai faɗin da za a yi rumfa a kuma kwana a waje. Ka duba masai, ka ji ko da wasu za ku haɗa. Gidan da yake shi ne na ƙarshe ta gabas ko arewa, shi iskar hunturu ke fara duka, kullum mai ɗakinka tana kwasar yashi daga cikin tukunya. Kuma kada ka raina maganar kunama. Ta can ba irin tamu ba ce, tana kashe ƙananan yara, ta fi kuma yawa inda kangwaye da tarin duwatsu suke. Ka tsaya a ƙofar gidan ka tambayi kanka: in ta harbi autana da ƙarfe ɗaya na dare, minti nawa zan yi kafin in kai asibiti, kuma wa zai ɗauke mu? In amsar ba ta kwanta maka ba, bar gidan komai kyansa.

Maƙwabta kuwa, ka san Agadas zango ce. Akwai gidajen da ake sauke matafiya masu jiran motar Libiya ko Aljeriya, yawancinsu a bakin gari. Bayin Allah ne masu neman abinci kamar kai, ba na zarginsu da komai. Amma layin da mutanensa ke canjawa duk mako ba a ƙulla maƙwabtaka a cikinsa, kuma ba wanda zai lura in baƙuwar fuska ta tsaya a ƙofarka. Ka yi sallar asuba da ta isha'i a masallacin layin kwana uku a jere. In fuskokin da ka gani jiya su ne na yau, in ka ji ƙarar allo da karatun yara, in ka ga mata suna shiga gidajen juna da kwano a hannu, to wurin zama ne. In akwai ko gida ɗaya na mutanen wajenmu, Gumel ko Maigatari ko Ɓaɓura ko Magarya, mai mata a ciki, wannan ya fi maka ƙarin ɗaki. Matar gidan ce za ta koya wa mai ɗakinka kasuwa da lissafin sefa, yadda in an ce ɗari ana nufin dala ɗari, wato sefa 500, jika kuma 1,000. Kai ka saba, ita kuwa sai an cuce ta sau biyu kafin ta gane in ba mai nuna mata.

Game da dillali, ba na cewa maƙaryaci ne, amma la'adarsa tana cikin cinikin, ba ta cikin zamanka lafiya. Ka san bambancin filin da hukuma ta yanka ta fitar da tituna da wanda muke kira awon igiya. A can ma haka ne. Akwai fili mai takardar ofishin magajin gari, akwai wanda shaidarsa ba ta wuce ta baki da ɗan rubutun mai unguwa ba, akwai kuma wanda aka sayar wa mutum biyu. In rigima ta tashi, kai baƙo ne, takardun da Faransanci aka rubuta su, abokin shari'arka kuma ɗan gari. Ka ƙara da cewa zamani ya juya. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyaka wata da watanni, ka fi ni sanin wahalar da aka sha. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ta kuma tsaurara dokar shiga da zaman baƙi. Tsallakawa da katin zaɓe da fatar baki irin na da, kada ka dogara da shi da mace da yara a bayanka. Ka yi wa kowa takardunsa cikakku, ka je wurin shugabannin 'yan Najeriya mazauna garin su faɗa maka abin da ake nema yanzu, tun kafin ka ɗaure kaya.

Yanzu gona. Dillali ya ce gari zai cim ma filinka nan da shekara biyu. Mai yiwuwa ne. Amma ka dubi abin da ke hura garin: zinariya, da safarar matafiya, da ma'adinin yuraniyam na Arlit. Kowannensu ya taɓa tsayawa cak. Da aka fara aiki da dokar hana safarar baƙin haure ta 2015, ɗaruruwan direbobi da masu masauki suka rasa abin yi, sai a ƙarshen 2023 aka soke ta. A 2017 gwamnati ta rufe Jado, mahaƙa suka watse. A 2021 aka rufe ɗaya daga cikin manyan ma'adinan Arlit, gidaje da yawa suka shiga wani hali. Tankunan da kake haɗawa masu zinariya ne ke saye, ƙofofin kuma waɗanda zinariya ta yi wa kuɗi ne ke ginawa. Ranar da daji ya yi sanyi, shagonka zai ji a jikinsa cikin wata guda, kuma a ranar kowa zai so sayar da fili, ba mai saye. Gonar nan ita ce kaɗai abin da ka mallaka wanda rufe iyaka ko faɗuwar zinariya ba ya taɓawa. Ka ba ɗan'uwanka ya noma, ku yi yarjejeniya a gaban shaidu, a riƙa auna wa Inna kasonta, saura a ɗora muku a mota. Buhun geron da zai zo daga gonarka zai rage maka rabin nauyin cefane. Gonar gado in ta fita hannu, ban taɓa ganin wanda ya dawo da ita da kuɗin da ya sayar ba.

Kuɗin haya na shekara ɗaya ba asara ba ne. Da shi za ka ga zafin garin da daminarsa da hunturunsa tare da iyali, in unguwa ba ta yi ba ku nannaɗe tabarma ku koma wata. Wanda ya gina ba shi da wannan damar. In shekara ta zagayo kun ji daɗin zama, ka sayi fili da ribar walda, ko ƙarami ne, a layin da mai ɗakinka ta riga ta yi ƙawaye. A lokacin maƙwabta ne za su kawo maka labarin fili mai kyau kafin dillalai su ji.

Sai Inna. Ban ji a wasiƙarka dalilin ƙinta ba, ina jin kai ma ba ka zauna ka tambaya ba. Tsohuwa in ta ji an ce za a sayar da gonar mijinta a kwashe jikokinta zuwa wata ƙasa, abin da ta ji shi ne ba za ka dawo ba, kuma ba kai za ka sa ta a kabari ba. Daga Damagaram kaɗai zuwa Agadas, ta Tanut da Adarbisanat, kusan kilomita 450 ne, hanya mai cin jiki, ta san ba wurin da za a kira ka da safe ka iso da azahar ba ne. Ka je ɗakinta da dare, ku biyu, ka ce mata gona tana nan, ka faɗa mata watannin da za ka riƙa zuwa, ka kuma cika. Kada ka tafi sai ta sa albarka. In babban ɗanka ya yi nisa a firamare, ka yi tunanin barinsa wurinta ya ƙarasa, domin tsarin karatun can daban ne, Faransanci zai mayar da shi baya. Amma wannan ba hukuncinka kai kaɗai ba ne, uwarsa ce ta haife shi, sai da yardarta.

Mai ɗakinka ma ka zauna da ita, ba a gaban kowa ba, ka ce ta faɗi abin da take tsoro, ka yi shiru har ta gama. Ka je ka gaida iyayenta ka sanar da su da bakinka. In da hali, ka kai ta ta ga gidan kafin a kai kaya. Lokacin tashi kuwa, ka bari sai an gama girbi, wajen Oktoba ko Nuwamba, ruwa ya ɗauke, zafi ya karye, ga sabon hatsi da za ku tafi da shi. Ka sayi barguna da rigunan sanyi na yara tun daga nan, don daren Disamba da Janairu a can yana shiga ƙashi. Allah ya kai ku lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta nagari. In ka je ka duba filin cikin Agusta, ka rubuto mini abin da tsohon ya nuna maka.